Mutumin da Ya Zo da Sassafe

A asibitin nan babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Malam Ƙa'ida ake ce masa, tun daga kan Likita mai asibitin har zuwa masu shara, saboda ba ya iya jera magana biyu bai cusa kalmar nan a tsakaninsu ba. Shi ne babba a ɗakin gwaji. Jini, fitsari, kaki, da ɗayan abin nan da ake kawowa a ƙudundune cikin leda ana kallon ƙasa, duk ta hannunsa suke bi kafin Likita ta rubuta wa mutum ko da ƙwaya ɗaya. Yakan ce likitan da ba shi da ɗakin gwaji boka ne mai farar riga. Yakan dai fara leƙa baranda kafin ya faɗa.

Fiye da shekara ashirin yana huda bayin Allah, amma bai taɓa ɗora mazaunansa a kan kujerar da yake zaunar da su ba. Kujerar nan mai faffaɗan hannu, a ganinsa ta wasu ce: masu sakaci, masu kwaɗayi, masu jin jiki ya canza su yi gum sai an kwaso su ranga-ranga. Yana da huɗuba ta musamman a kan irin waɗannan mutane, wadda kowane ma'aikacin asibitin ya haddace. Yakan yi ta ne riƙe da kofin shayi, shayin da in ƙudan zuma ya ɗanɗana sai ya nemi a ƙara masa ruwa.

To, sai ga shi 'yan watannin nan ƙishirwa ta sa shi a gaba. Ya sha, ya zagaya, ya dawo ya sake sha. Wandonsa ya fara yi masa yawa, amma tumbin yana nan daram kamar an ba shi gadi. In ya sa ido a madubin duba ƙwayoyin cuta, wani lokaci sai ya ga hazo, ya yi ta goge gilashin yana zagin kamfanin da ya ƙera shi.

Matarsa ce ta fara magana, wata safiya tana kallonsa yana ɗaga kofin ruwa na ƙarfe, na uku ko na huɗu.

“Baban yara, yanzu in ka doso randar nan har tausayinta nake ji.”

“Zafi ne.”

“Mu a wane gari muke, da zafin bai same mu ba? Ka je a duba ka.”

“A ina?”

“Inda kake zuwa kullum ka ce mana aiki kake yi.”

Ai ya san ko mene ne. Da wani ne ya zauna gabansa ya lissafa masa waɗannan alamu, da kafin ya rufe baki ya ɗauko kwalba mai murfi ruwan toka, ta gwajin suga, ya kuma soma huɗuba. Abin da ya kasa jurewa shi ne tunanin kansa a kan kujerar nan, hannun riga a naɗe, masu shara suna wucewa suna yi masa sannu. Ciwon bai firgita shi kamar sannun ba.

Sai ya yanke shawarar zai gwada kansa da kansa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Akwai hanya mai sauƙi: ɗan ƙaramin injin nan da ake tsaga yatsa a ɗiga masa jini, ya faɗi lamba nan take. Kowane kantin magani akwai shi. Amma Malam Ƙa'ida ya yi shekara da shekaru yana kiran injin nan abin wasan yara. In har zai ji mugun labari, to daga jinin jijiya zai ji shi, a babban inji, wanda shi da kansa yake saitawa kowace safiya. Ko a ɓuya sai da ya yi girman kai.

Washegari ya fito bai karya ba. Ya isa asibiti rana ba ta gama fitowa ba, Baba mai gadi ya buɗe masa ƙofa yana gyara hula.

“Yallaɓai, yau kai ka riga tsintsiya.”

“Aiki ne ya taru, Baba.”

Ya kulle kansa a ɗakin gwaji. Nan ya gane cewa duk wanda ya tsara ɗibar jini ya tsara ta ne da hannu biyu, kuma hannun da ake ɗiba ba ya cikin lissafi. Ya ɗaura igiyar roba a dantsensa, gefe ɗaya a hannu, ɗaya a haƙori. Ta kwance ta tsula masa a leɓe. Ya sake ɗaurawa. Ya goge wurin da auduga da sifirit, ya laluba jijiyar, sai ya ji bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa wa mutane: “Saki jikinka, kamar cizon sauro ne.” Da allurar ta shiga ya gane ya daɗe yana yi wa jama'a ƙarya. Babu irin wannan sauro a duniya.

Ya juye jinin a kwalba, ya jujjuya ta a hankali yadda ya kamata, ya ɗauki biro. Nan ya tsaya. Sunansa ba zai rubutu ba. Sunan ƙarya kuwa, hannun da ya shekara ashirin bai taɓa rubuta shi a jikin kwalba ba ya ƙi. Ya bar ta haka fara fat, ya soka ta a ramin ƙarshe na mazubin kwalabe, da niyyar da injin ya gama ɗumi zai saka ta ita kaɗai, ya ga lambar, ya goge, ya wurga kwalbar cikin kwandon ƙonawa.

Injin bai gama ɗumi ba aka buga ƙofa. Wata nas ce daga ɗakin yara, tana haki. An kawo jariri gudawa ta tsotse shi, jijiyoyi duk sun ɓuya, sun huda har sun gaji, uwar ta fara zaginsu. A asibitin nan in jijiya ta gagara, mutum ɗaya ake kira. Ya saki hannun rigarsa, ya zura farar riga, ya bi ta.

Ya daɗe a can. Ya ɗumama ƙafar yaron da tsumma, ya sa aka haska masa fitila, ya bi bayan hannu, ya bi ƙafa, daga ƙarshe ya samu wata siririya kamar zare a gefen idon sawu. Uwar ta daina zagi ta koma addu'a. Ya fito yana tafiya irin ta wanda aka yi wa kirari, ya tsaya a famfon baranda ya sha ruwa kamar raƙumi, ya zagaya, sannan ya nufi ɗakinsa. Bencin ƙofar ya cika da masu jiran gwaji, yawancinsu ba su karya ba, fuska a murtuke.

A ciki ya tarar da Mai Tabarau tsaye gaban inji. Ita ce ta biyunsa, shi ya koya mata aiki tun tana amarya, yanzu ga ta da 'ya'ya har sun fara fin ta tsawo. Duk abin da ya zuba mata ta ɗauka, ba ta zubar da ko ɗigo ba, abin da a da yake alfahari da shi. Ta riga ta ɗebi jinin rukunin farko, ta juya su, ta loda mazubin gaba ɗaya. Har da ramin ƙarshe.

“Malam, zo ka ga tashin hankali.”

Ya matsa. Ya ga lambar. Ya ƙifta ido, ya ɗauka hazon nan ne, amma lambar ba ta motsa ba. A iya aikinsa, masu irin wannan lamba a kan gado ake turo masa jininsu, ba da ƙafarsu suke zuwa ba.

“Na maimaita,” in ji ta. “Na saka ruwan gwajin inji, ya fito daidai. Injin lafiyarsa ƙalau. Kuma Malam, kwalbar ba suna. Na ƙirga nawa, sun cika cif. Wannan ba tawa ba ce.”

Dokoki biyu ne Malam Ƙa'ida ya kafa a ɗakin nan, ya kuma sa manya kuka a kansu. Ta farko, kwalba ba ta barin hannunka babu suna. Ta biyu, sakamako mai haɗari ba ya zama a kan tebur: a maimaita, a kai wa Likita da ƙafa, a nemo mai jinin ko yana ina, sauran aiki ya jira. Yau ya karya ta farkon, ta biyun kuma ta zuba masa ido ta cikin tabarau.

Ya buɗe baki zai ce jininsa ne. Abin da ya fito daban.

“Af. Wani mutum ne ya zo da sassafe. Ya roƙe ni, ya ce sauri yake yi, zai dawo ya yanki kati.”

Ta cire tabarau ta dube shi da ido tsirara. “Kai, Malam? Ba kati, ba suna?”

“Kiran yaron nan ne ya ruɗa ni.”

“To ina yake? Wane ne? Lambar waya fa?”

“Bai bari ba.”

“Yaya kamanninsa?”

A nan ya gane ƙarya ma sana'a ce, kuma bai koye ta ba. Ya laluba kansa ko zai samo wani mutum, babu kowa a ciki sai wanda yake gani a madubi.

“Haka dai... ba dogo ba, ba gajere ba. Ya ɗan manyanta. Da tumbi. Da ɗan sanƙo.”

“Ya ce yana jin wani abu?”

“Ƙishirwa. Da yawan zagayawa.”

“Tun yaushe?”

“Watanni.”

“Watanni!” Ta buga cinya. “Ya zauna a gida yana kallon kansa yana narkewa kamar kitse a rana? Wannan ai irin mutanen huɗubarka ne, Malam. Ba shi da mata ne?”

“Yana da ita. Ta yi magana.”

“Ya ƙi ji ke nan. Allah ya raba mu da namiji mai taurin kai. Taso mu je.”

Likita mace ce mai ƙaramin jiki da ƙaramar murya, wadda ba ta taɓa bukatar ɗaga ta ba. Ta dubi takardar, ta dubi Malam Ƙa'ida, ta ajiye biro.

“Mutumin nan zai iya faɗuwa kowane lokaci. In tuƙi yake yi, ba shi kaɗai zai tafi ba. Wace sana'a ya ce yana yi?”

“Bai faɗa ba, ranki ya daɗe. Amma da gani... ma'aikaci ne. Mai ɗan ilimi.”

“Su ne suka fi wuyar sha'ani. Maganar kati za mu yi ta daga baya, ni da kai. A kira min Baba.”

Baba mai gadi ya shigo ya cire hula, ya tsaya daga bakin ƙofa. Tsoho ne dogo, ya fi ginin sabon ɓangaren asibitin daɗewa a wurin. Likita ta tambaye shi mutumin da ya shigo bayan Malam, kafin a buɗe ɗakin kati, ta wace hanya ya bi da ya fita.

“Ranki ya daɗe, babu wanda ya shigo. Daga Yallaɓai sai masu shara.”

“Malam ya ce ya ɗebi jinin mutum a ɗakinsa.”

Baba ya dubi Malam Ƙa'ida. Malam Ƙa'ida ya dubi kalandar bango kamar yau aka rataye ta.

“To, in Yallaɓai ya ce an shigo...” Tsohon ya murza hular a hannunsa. “Ni dai ban gani ba.”

“Ba ka gani ba, ko idonka a rufe yake? Baba, mun yi maganar gyangyaɗin nan da kai ba sau ɗaya ba. Na ce maka daga wancan babu wani. Yau mutum ya shiga har ɗakin gwaji ya fita, gobe ɗakin magani za a shiga. Je ka nemo min shi. Mai tumbi, mai sanƙo, ya ɗan manyanta.”

Haka asibiti ya ɗauka. Masu shara suka ajiye tsintsiya, nas-nas suka leƙa ɗakuna, aka aika tashar motar bakin titi. Malam Ƙa'ida ma ya shiga neman, don tsayawa zai fi ba da shi. Ya leƙa bayan janareto. Ya leƙa ɗakin wanki. Ya duba bayin maza har sau biyu, kuma a nan ne kaɗai zuwansa ya yi amfani. Yana tafe yana gaya wa kansa cewa abin zai lafa: za a gaji, a ce mutumin ya tafi, shi kuma gobe ya je wani asibiti can ƙarshen gari inda ba a san fuskarsa ba. Harshensa ya bushe kamar auduga. Masu jiran gwaji a benci suka fara guna-guni, wata tsohuwa ta ce in yunwa ake so ta kashe ta a faɗa mata, ta koma gida ta mutu a ɗakinta.

Can sai ga Baba ya dawo riƙe da hannun wani mutum, yana jan sa kamar ya kamo ɓarawon akuya. Ba dogo ba, ba gajere ba. Tumbi, sanƙo, ga filasta a gwiwar hannu, ga tef ɗin awo rataye a wuya. Tela ne, Baba ya tsinto shi a wurin mai shayin bakin ƙofa ya ɗaga kofi zai kai baki.

“Ga shi, ranki ya daɗe! Suga yake shirin sha ma, na ƙwace.”

Likita ta juyo. “Malam, shi ne?”

Malam Ƙa'ida ya dubi telan. Kamar ya dubi ɗan'uwansa na jini. Baba kuwa ya kafe shi da ido irin na wanda ruwa ya ci ya hango reshe.

“Ya yi kama,” in ji Malam Ƙa'ida.

“Bawan Allah, wa ya ɗebi jininka da safen nan?”

“Wallahi ban sani ba, Hajiya Likita. Ni da na ga allura rufe ido nake yi sai an ce in tashi. Me ya faru? Me aka gani?”

Mai Tabarau ba ta tuna fuskarsa ba. Masu wannan aiki hannu suke kallo, ba fuska ba. Ta ce a zaunar da shi. Likita ta yi masa bayani a taƙaice, telan ya saurara baki buɗe, sai ya dafe kai.

“Na shiga uku. Ni da na zo a duba min zazzaɓi? Dama jiya na ji ƙafata ta yi sanyi. Ɗinkin mutane na nan jibge a shago. A kira min ƙanina, in gaya masa inda na ajiye yadin kowa, kada a ce na ci amana bayan raina.”

“Ba mutuwa za ka yi ba,” in ji Likita. “Miƙo yatsa.”

Aka kawo abin wasan yaran. Telan ya runtse ido, aka tsaga, aka ɗiga. Suga daidai, kamar na ɗan makaranta. Mai Tabarau ta ɗaga filastar ta leƙa.

“Wannan hudata ce. Ba shi ba ne.”

Telan ya buɗe ido ɗaya. “Na warke?”

“Ba ka taɓa kamuwa ba. Ka yi haƙuri.”

Ya miƙe yana gyara tef ɗinsa, ya dubi Baba sama da ƙasa. “Tsoho, Allah ya isa shayina.” Ya fita yana ba duk wanda ya gamu da shi labarin yadda aka kashe shi aka tashe shi kafin hantsi.

Likita ta haɗa yatsunta a kan tebur.

“Baba, ba ka ga wanda ya shigo ba, sannan ka je ka kamo min mai lafiya ka tayar masa da hankali. Ka kai makullai ofis. Ka je gida ka huta, za a neme ka.”

Kowa a ɗakin ya san ma'anar za a neme ka. Tsohon bai yi gardama ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tarin makullan, waɗanda igiyarsu ta yi baƙi don daɗewa, ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya juyo wajen Malam Ƙa'ida, ba da fushi ba, abin da ya fi muni ke nan.

“Yallaɓai, ka yafe ni. Wataƙila da gaske idona ya rufe ban sani ba. Tsufa ne. Tunda kai ka faɗa, haka ne. Allah ya sa a same shi da rai.”

Malam Ƙa'ida ya dubi makullan da ke hannun tsohon. Ya yi ƙoƙarin haɗa jimla mai mutunci, irin wadda babba zai faɗa ya fita da sauran girmansa. Bai samu ba. Ya ja kujerar da telan ya tashi a kai, ya zauna, ya miƙa wa Mai Tabarau yatsa.

“Mene ne, Malam?”

“Ƙa'ida ce. Sakamako mai haɗari, ana maimaita shi da sabon jini daga jikin mai shi.”

Ta dubi yatsan. Ta dubi tumbin. Ta ɗaga kai a hankali har zuwa sanƙon. Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata, don sai da tabaranta suka zame zuwa kan hanci.

“Ba dogo ba,” ta ce a hankali, “ba gajere ba.”

“Goge da sifirit tukuna. Ki bari ya bushe.”

“Yi min shiru, Malam.” Tunda suke ba ta taɓa gaya masa haka ba. Ta tsaga yatsan, kuma ya tabbata ta danna fiye da yadda ya koya mata. Ɗan injin ya yi tunani, ya yi tunani, ya kasa faɗin lamba, sai ya nuna alamar cewa abin ya wuce inda iliminsa ya tsaya.

Likita ta daɗe tana kallonsa.

“Wa ya ɗebi na safen?”

“Ni ne, ranki ya daɗe.”

“Da hannu ɗaya?”

“Da haƙori.”

Ta rufe baki da bayan hannu, kafaɗunta suka ɗan girgiza, sannan ta gyara fuska. “Baba, mayar da makullanka aljihu. Ni ce zan ba ka haƙuri, amma akwai wanda ya riga ni a layi.”

Malam Ƙa'ida ya juya. “Baba, idonka biyu. Babu wanda ya shigo sai ni. Ka yafe min.”

Tsohon ya dubi makullan, ya dubi mutumin da ke kan kujera. “Yallaɓai, ke nan da muke ta zagaye, har bayan janareto...”

“Ni muke nema.”

“Ikon Allah. Kuma ka fi kowa dubawa.”

Likita ta riga ta fara rubutu: gado, ƙarin ruwa, allurar suga, da jerin gwaje-gwaje da ya san kowannensu kamar 'ya'yansa. Ta ce a kira gidansa. Mai Tabarau ta karɓi wayarsa ta buga, ta kuma buɗe murya don kowa ya amfana.

“Baban yara?”

“Ni ce, Yaya, daga ɗakin gwaji. An kwantar da Malam. Suga ne, amma an tare shi.”

“Shi ya kai kansa, ko faɗuwa ya yi?”

“Kamo shi muka yi.”

“Allah ya yi muku albarka. Ku riƙe min shi, ga ni nan. Kada ku saurari komai daga bakinsa.”

Ya miƙe zai nufi ɗakin kwanciya, yana lissafin in ya bi ta ƙofar baya, ta wajen ɗakin wanki, babu mai ganinsa. Likita ta ɗaga biro ba tare da ta ɗago kai ba.

“Ina za ka? Mai irin wannan lamba ba ya tafiya da ƙafarsa a asibitina. A kawo keke.”

“Ranki ya daɗe, ai ƙalau nake, yanzu na gama zagaye asibitin nan...”

“Shi ya sa. Baba, taimaka ka tura shi.”

Aka cire masa farar riga, Mai Tabarau ta rataye ta a hannunta. Ya zauna a keken marasa lafiya, gwiwoyinsa suka taso har kusan tumbi. Baba ya kama mariƙin, ya juya keken a tsanake. A mararrabar baranda, hanyar hagu ita ce gajeriya, babu kowa a kanta. Keken ya yi dama.

“Baba, ai ta nan ya fi kusa.”

“Akwai gargada ta nan, Yallaɓai. Kai kuwa yanzu sai a hankali.”

Suka bi ta gaban ɗakin kati. Suka bi ta ɗakin magani, inda Baba ya tsaya ya gaisa da kowa har da tambayar iyali. Masu shara suka jingine tsintsiya suka biyo baya. Sannu ta fara zubowa daga kowane gefe, sannu Malam, sannu Yallaɓai, ashe kai ne, Allah ya sawwaƙe, kuma ya lura, da ɗan mamaki, cewa babu wadda ta huda shi. Ya soma amsawa da ɗaga hannu.

A gaban bencin ɗakin gwaji Baba ya taka birki. Masu jira suka ɗago. Tsohon ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta mai shela.

“Jama'a, a kwantar da hankali, yanzu za a ci gaba da aiki. An samu mutumin.”

Tsohuwar nan mai jin yunwa ta leƙo, ta ƙare wa na cikin keken kallo.

“Wannan ba shi ne mai yi mana faɗa ba?”

“Shi ne, Iya,” in ji Malam Ƙa'ida. “Tura mu je, Baba.”